Yadda ake mayar da tsofaffin hotunan diyapo zuwa kwamfuta a gida

A gidaje da dama na birnin Yamai, musamman gidajen tsofaffin malaman makaranta da ma'aikatan gona da na asibiti, da waɗanda suka yi karatu a waje a zamanin Diori Hamani da na Seyni Kountché, akan tarar da ƴan akwatunan roba a ƙasan akwatin ƙarfe, cike da hotunan da ake kira diyapo. Diyapo ɗan guntun fim ne mai milimita 36 a tsaye da 24 a kwance, ko akasin haka, wanda aka ɗaure cikin firam na kwali ko na roba mai santimita 5 a kowane gefe, kuma ba a ganin abin da ke cikinsa sai an ɗaga shi ga haske ko an saka shi a majigi an haska a bango. Majigin ya daɗe da mutuwa a yawancin gidaje, ƙwan fitilarsa ma da wuya a same shi, shi ya sa hotunan suke nan a rufe, zafi yana cin launinsu a hankali, mutanen da suka san fuskokin da ke ciki kuma suna ta raguwa. Na yi wannan aiki a kan diyapo fiye da ɗari uku da mahaifina ya bari, kuma abin da zan bayyana a nan shi ne tsarin da na ga ya dace da ƙurarmu da zafinmu da yanayin wutarmu.

Tantancewa da neman sunaye

Aikin farko ba ya buƙatar na'ura ko ɗaya. A shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta a kan tebur, a fito da akwatunan ɗaya bayan ɗaya, kada a cakuɗa na wannan da na wancan, domin tsarin da mai su ya bari shaida ce a kan kanta: akwati ɗaya galibi fim ɗaya ne, hoto 36 ko ƙasa da haka, na tafiya ɗaya ko biki ɗaya. A ba kowane akwati harafi, a ba kowane diyapo lamba, a rubuta a jikin firam da fensir idan na kwali ne, ko da siririn alƙalami marar gogewa idan na roba ne, yadda za a samu A1, A2, har zuwa ƙarshe. A duba firam ɗin da kyau, saboda waɗanda kamfanin Kodak ya wanke sukan zo da wata da shekara a buge a jikinsu. Sai dai wannan lokacin wanki ne, kuma da yake a wancan zamani fim ɗin Kodak mai suna Kodachrome sai an aika shi Turai ta gidan waya kafin a wanke, ana iya samun tazarar watanni tsakanin ɗauka da abin da aka buga.

Daga nan sai a ɗauki akwatunan da littafin rubutu a tafi wurin dattawan gida, tun kafin a sayi komai. A ganina wannan shi ne matakin da ya fi kowane gaggawa, domin fim zai iya jiran shekara biyu, amma babu wanda ya san ko mai sanin sunayen zai kai baɗi. A zauna kusa da taga da safe, a riƙa ɗaga hoto ɗaya-ɗaya tare da gilashin ƙara girma, a nemi izini a kunna naɗar murya a waya, sannan a faɗi lambar hoton da baki kafin kowace tambaya: "Gwaggo, wannan B7 ne, wa ke tsaye a daman Baba? A gidan wa aka ɗauka?" Kada a katse ta idan ta shiga labari, don sau da yawa a cikin labarin ne shekarar take fitowa, kamar ta ce shekarar da aka haifi wane, ko shekarar da suka je Makka. Abin da ke bayan mutane ma yana taimakawa. An buɗe Gadar Kennedy a 1970, Babbar Kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, an kuma fara gasar kokowa ta ƙasa a Tahoua a 1975, saboda haka hoton da ya nuna tsohuwar kasuwa ko kogi babu gada ya riga ya faɗi iyakar shekarunsa.

A wannan zaman ne ake zaɓe. Ba dole ba ne a ɗauki kowane hoto, tunda akan samu uku ko huɗu na abu guda, amma ina roƙon kada a yi saurin watsar da hoton titi ko tasha ko rumfar kasuwa don kawai babu ɗan gida a ciki, domin irin waɗannan ne suka fi ƙaranci a hannun jama'a. Waɗanda suka fara komawa ja, da masu fumfuna, da masu warin binega, su za a sa a gaba. Warin binega alama ce ta cewa jikin fim ɗin kansa ya fara ruɓewa, kuma tururinsa yana hanzarta lalacewar na kusa da shi, don haka a ware su a wani akwati dabam tun ranar da aka ji warin.

Tsabtacewa

Ƙura ita ce babbar abokiyar gabar wannan aiki a ƙasarmu, domin ƙwayar da ido ba ya gani a kan fim takan fito kamar tsakuwa a fuskar mutum idan aka ƙara girman hoton. Lokacin hunturu ya fi tsanani, saboda ga ƙura a iska, ga bushewar da ke sa fim yana janyo ta kamar maganaɗisu. A zaɓi ɗaki mai rufuwa, a goge ƙasansa da jiƙaƙƙen tsumma a maimakon shara, a jira kamar awa ɗaya, a rufe taga, a kashe fanka. Da yake aiki ba fanka yana da wuya a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40, gara a yi shi bayan sallar asuba zuwa hantsi, kuma a kula da gumi, don ɗigo ɗaya a kan fim yana barin tabo.

Diyapo yana da fuska biyu, kuma dole a iya bambanta su. Idan aka karkata shi ga haske za a ga ɗaya tana sheƙi kamar gilashi, ɗayar kuma tana da ɗan dushi-dushi, wani lokaci har ana ganin zanen hoton ya ɗan taso a kanta. Mai dushin ita ke ɗauke da launi, kuma ita ce mai rauni. A riƙe diyapo ta gefen firam kawai, da wankakken hannu busasshe ko da safar hannu ta auduga. A fara da ɗan famfon roba mai hura iska, irin wanda ake tsabtace kyamara da shi, a hura fuska biyun ana riƙe da diyapon a tsaye don ƙurar ta faɗi ƙasa. Abin da ya ƙi fita sai a bi shi da buroshi mai laushi ƙwarai wanda ba a taɓa yin wani aiki da shi ba, a ja sau ɗaya zuwa gefe guda, a sake hurawa. Ba a hurawa da baki saboda yawu, ba a kuma gogewa da bakin riga ko takarda, domin ƙurarmu yashi ce, tana karce fim.

Ruwa kuwa a nisanta shi gaba ɗaya. Fumfuna, wadda ke kama hotunan da suka sha damina a ɗaki mai laima, tana cin fuskar launi har ta mai da ita abin da ruwa ke narkarwa. Na koyi wannan da tsada, ranar da na sa jiƙaƙƙen auduga a kan hoton kakata ina nufin cire wani zare-zaren fumfuna, sai rabin fuskarta ya biyo audugar, kuma babu wani hotonta na wannan shekarun a gidanmu. Tun daga ranar ƙa'idata ita ce a ɗauki hoton diyapo yadda yake tukuna, da dattinsa, kafin a gwada duk wani magani a kansa. Idan akwai shatin yatsa a fuskar mai sheƙi, ana iya taɓa shi a hankali da ƙyallen goge tabarau da aka ɗiga wa maganin tsabtace fim, a fara gwadawa a kan hoton da ba a damu da shi ba. Waɗanda aka rufe tsakanin gilashi biyu sukan yi hazo daga ciki, kuma mafita ita ce a buɗe firam ɗin a hankali a mayar da fim ɗin cikin firam marar gilashi.

Hanyoyin ɗauka

Akwai hanyar da mutane ke fara tunani, wato a haska diyapo a bango a ɗauka da waya, kuma ba na ba da shawararta. Hoton yakan fito da haske a tsakiya da duhu a gefe, ga tabon bango, sannan fitilar majigi tana da zafi da ƙarfin da ke kashe launi, musamman na Kodachrome, wanda ke daɗewa ƙwarai a duhu amma ba ya jure yawan haskawa.

Hanya mafi sauƙin kuɗi ita ce waya da kwali. A samu wata wayar ko tabilet a buɗe farin shafi a kai haskenta ƙarshe, a kife ƙaramin kwali a kanta wanda aka yanka wa taga daidai girman fim, yadda diyapo zai zauna santimita uku zuwa biyar sama da allon, domin idan ya kwanta a kai ɗigogin allon za su fito a cikin hoton. Wayar ɗauka kuma a ɗora ta a kan littattafai ko wani kwalin, ta kalli diyapon kai tsaye ba karkace, a kashe fitilarta, a danna a riƙe a kan hoton har saitin gani da na haske su kulle, a sa ƙidayar daƙiƙa uku don kada hannu ya girgiza ta. Yawancin wayoyi ba sa ganin abu da kyau idan ya matso ƙasa da santimita goma, saboda haka ƙaramin gilashin makro, wato na ɗaukar abu daga kusa, da ake maƙalawa yana ƙara amfani sosai. Abin da ake samu ya isa a tura wa dangi su gane mutane, amma bai kai a ce an adana hoton ba.

Sikana ita ce hanya ta biyu, kuma a nan ake yawan asarar kuɗi. Sikanar takardu ta ofis ba ta yi, domin diyapo yana buƙatar haske ya ratsa shi daga baya, don haka sai wadda ke da fitila a murfinta, kamar Epson Perfection V600 da ke ɗaukar diyapo huɗu a lokaci guda, ko wadda aka ƙera don fim kaɗai, kamar Plustek OpticFilm 8200i da ke ɗaukar ɗaya-ɗaya amma ta fi kaifi. Ana auna ƙarfin ɗauka da yawan ɗigo a kowane inci, wanda ake rubutawa dpi. A 2400 dpi diyapo yana ba da kimanin fiksel 2270 sau 3400, abin da ya isa a buga hoto kusan girman takardar A4. A 3200 dpi kuma ana samun kimanin megafiksel 14, kuma nan nake tsayawa, domin manyan lambobin da ake rubutawa a kwalin sikana sun fi abin da gilashinta ke iya gani, sai dai su ƙara nauyin fayil da ɓata lokaci. A zaɓi launi mai bit 48, a ajiye a matsayin TIFF, tsarin fayil da ba ya rage ingancin hoto, a kashe duk gyaran da na'ura ke yi da kanta. Fayil ɗaya zai kai kimanin megabait 80, wato diyapo 300 za su ci gigabait 25 ko kusa da haka. Waɗannan sikanoni biyu suna da hasken infirared mai gano ƙura ya share ta, wanda ke aiki da kyau a kan fim irin su Ektachrome da Agfachrome da Fujichrome, amma a kan Kodachrome da fim baƙi da fari yakan ɗauki sassan hoton a matsayin datti ya ɓata su, saboda haka a karanta sunan fim a jikin firam, a kashe shi idan an zo kansu. Kowane hoto yana cin mintoci, kuma ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki tana mayar da mutum baya, don haka a haɗa sikanar da na'urar riƙe wuta.

Hanya ta uku ita ce na fi so, ga duk wanda ke da kyamarar da ake canza wa gilashi ko yake iya aronta daga mai ɗaukar hoton biki. Dalilina shi ne sauri, da kuma cewa kyamara tana da batirinta, faifan hasken LED kuma yana aiki da ma'ajin cajin waya, yadda ko babu wuta aiki ba ya tsayawa. Ana buƙatar gilashin makro mai iya cika hoto da abu mai girman fim, ko zoben tsawaitawa da ake sakawa tsakanin kyamara da gilashinta na kullum. Faifan hasken ya kasance wanda aka rubuta wa CRI 95 ko sama, wato ma'aunin yadda fitila ke fitar da launi daidai, domin fitila mai araha takan rasa wani ɓangare na ja, fatar mutane ta fito kamar toka. A kafa kyamara a kan turke mai ƙafa uku tana kallon ƙasa, faifan haske a ƙarƙashinta, a rufe duk faifan da baƙin kwali ban da tagar diyapo, a kuma manna ƴan guntayen kwali biyu a matsayin kusurwa don kowane diyapo ya zauna wuri ɗaya.

Kafin a fara, a tabbatar kyamara da diyapo suna fuskantar juna daidai, kuma dabarar mai sauƙi ce: a kwantar da ƙaramin madubi a gurbin diyapo, a motsa kyamara har gilashinta ya bayyana a tsakiyar allo cif. Sai a sa ISO, wato ƙarfin karɓar haske na kyamara, a kan 100, buɗewar gilashi f/8, wadda ke rufe ɗan lanƙwasar da fim ke yi a cikin firam, a ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta gyara ba, a daidaita fari da hasken faifan shi kaɗai ba diyapo. A saita gani da hannu, a ƙara girman allo har a ga ƙwayoyin fim kamar yashi, a sa ƙidayar daƙiƙa biyu, a kashe fitilar ɗaki. Wajen haske a kula da fararen riguna da rawuna kada su ƙone su rasa zanensu, kuma idan hoto yana da duhu sosai, kamar na zaure ko na dare, a ɗauka sau biyu ko uku da haske dabam-dabam. Da hannu ya saba, diyapo ɗari ba ya wuce zama ɗaya.

A kowace hanya, hoto ya kan iya fitowa a juye, dama ta koma hagu. Idan fuskar mai sheƙi ce ke kallon kyamara zai fito daidai, amma a riƙa tabbatarwa da rubutun allo ko lambar mota. Inda babu rubutu, al'adarmu ta isa shaida: idan aka ga dattijo yana gaisawa ko yana cin tuwo da hagu, ko aljihun babbar riga da aikinta sun koma daman ƙirji, to hoton a juye yake.

Suna da gyaran launi

A ranar da aka ɗauka a ranar za a ba fayil suna, da shekara a gaba, sai wuri, sai abin da ya faru, sai lambar firam, kamar 1978_Tahoua_auren-Kawu_B07, don duk wanda ya ga fayil ya iya komawa ga diyaponsa. Sunayen da dattawa suka bayar a rubuta su a fayil guda a ajiye tare da hotunan da muryoyin da aka naɗa, kuma abin da ake shakka a sa masa alamar tambaya a bar shi haka.

Fayil na asali ba a taɓa shi. A kwafe shi a yi gyara a kan kwafin. Manhajojin GIMP da darktable kyauta ne kuma sun wadatar. Tsofaffin diyapo da yawa sukan koma ja ko ruwan hoda saboda rinin shuɗi-kore da ke cikinsu ya riga sauran dusashewa, Kodachrome kuma yakan fito da ɗan shuɗi a sikana. Gyaran shi ne a nemi abin da aka san fari ne ko ruwan toka a cikin hoton, kamar farar shadda ko kwanon rufi, a nuna wa manhaja shi, sannan a daidaita ja da kore da shuɗi ɗaya-ɗaya da kaɗan-kaɗan. A nan ina da ra'ayi mai ƙarfi. Maɓallin gyara da kansa bai san ƙasarmu ba: yakan ɗauki jan ƙasar Yamai da hazon hunturu a matsayin kuskure, ya mai da sama shuɗiya kamar ta wata nahiya, ya kuma haskaka fatar mutane fiye da yadda Allah ya yi su. Haka nan manhajojin da ke ƙirƙiro fuska daga hoto marar kaifi suna ba da mutum mai kama da Baba wanda ba Baba ba ne, kuma jikan da bai taɓa ganinsa ba zai riƙe wannan fuskar a matsayin gaskiya. A nuna wa wanda ya san mamacin hoton da aka gyara, idan ya ce launin ya yi, a tsaya nan.

Ajiya da rabawa

A ajiye kwafi uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan ajiya na waje, ɗaya kuma a wani gari ko a ma'ajiyar intanet. Wanda ya ga ambaliyar 2020, lokacin da kogin Kwara ya shiga unguwanni irin su Saga da Lamorde, ya san cewa kwafi biyu a ɗaki ɗaya tamkar kwafi ɗaya ne. Kile USB ta dace da kai wa ɗan'uwa hotuna, amma ba a dogara da ita wajen ajiyar shekaru, kuma yana da kyau a sa lokaci guda a shekara, kamar bayan Sallar Layya, a buɗe faifan a tabbatar fayilolin suna buɗuwa. Don rabawa a fitar da kwafin JPEG, kuma a WhatsApp a tura shi a matsayin takarda, in ba haka ba manhajar za ta matse shi ya rasa kaifinsa. Kafin a sa hoto a Facebook a nemi yardar masu shi, musamman hotunan iyaye mata na lokacin ƴanmatanci, domin abin da aka ɗauka don a kalla a tsakar gida ba kowa ke son duniya ta gani ba. Idan kuma an ci karo da hotunan gine-gine ko bukukuwan ƙungiyar matasa ta Samariya ko tarukan hukuma, ya dace a tuntuɓi Gidan Tarihi na Boubou Hama ko cibiyar bincike ta IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni a ji ko suna son kwafi.

Diyapon kansu ba a zubar da su bayan an gama, domin na'urar gobe za ta iya fitar da abin da ta yau ta kasa. A mayar da su akwatunansu bisa lambobinsu, a cire duk robar ɗauri da ta narke a jikinsu, a guji leda mai laushi mai warin roba, wadda ke manne wa fim. A sa akwatunan cikin mazubi mai murfi tare da ƴan ƙunshin silika masu tsotse laima, irin waɗanda ke zuwa cikin kwalin takalmi ko magani, a ajiye a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da kwanon rufi da bangon da rana ke duka, a kan kanta mai tsayin da ruwa ba zai kai ba. A canza silikar a farkon kowace damina, a kuma sa kwafin takardar sunayen a cikin mazubin, a saman akwatunan.